In Agararka Ta Tsinke A Filin Ƙwallo, Ga Abin Yi

Tambayar me za a yi in agara (jijiyar bayan dunduniya) ta tsinke ta yi yawa, musamman daga masu buga ƙwallon Asabar a Samaru da Tudun Wada a Zariya, kuma dama maza 'yan shekara 30 zuwa 50 matsalar ta fi kamawa, waɗanda sai ƙarshen mako suke motsa jiki.

1. Ka ji "ɗas" a bayan dunduniya kamar an harbe ka, ka waiga ba kowa? Tsaya, wasa ya ƙare.
2. Kar ka taka ƙafar, a tallafe ka.
3. Kwanta rub da ciki, wani ya matsa sharaɓarka. In tafin ƙafar bai motsa ba, da alama ta tsinke.
4. Naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora minti 15 zuwa 20.
5. Ɗora ƙafar kan filo.
6. HATTARA, nan ake kuskure. Wasu suna iya ɗingisawa sai su ce ai targaɗe ne, a kai su wajen mai ɗori ya yi ta murza yana ja, alhali ba ƙashi ba ne, jijiya ce ta rabu biyu, jan ma ƙara nesanta bakinta yake.
7. Tafi asibiti ranar, wajen likitan ƙashi, asibitin koyarwa na ABU da ke Shika akwai su.
8. Gaya masa in kana shan cipro (ciprofloxacin, maganin ƙwayoyin cuta), yana raunana jijiya.
9. Bi zaɓin likita: ko POP (ɗaurin filasta mai tauri na asibiti) da takalmi na musamman, yatsu na kallon ƙasa, na makonni, ko tiyata a ɗinke.
10. Kar ka tsallake gashi (atisayen motsa ƙafa na asibiti) bayan an cire POP ɗin. Ƙwallo kuma sai bayan watanni, in likita ya yarda.