Yadda makami mai linzami na Javelin ke aiki, da inda yake ba da matsala

Javelin, makamin harbin tankokin yaƙi da soja ke ɗauka a kafaɗa, ya shiga hannun sojojin Amurka a 1996, ya maye gurbin wani tsohon makami irinsa mai suna Dragon. Aibin Dragon shi ne wayar da ke haɗa makamin da mai harbi: bayan harbi dole soja ya ci gaba da saita tankar a madubinsa har makamin ya isa, a nisan da bai wuce mita 1,000 ba, alhali hayaƙin harbin ya riga ya tona inda yake. Kamfanonin Texas Instruments da Martin Marietta, waɗanda aka ba kwangilar a 1989, sun cire wayar, suka dasa idon hangen zafi a hancin makamin.

Javelin kashi biyu ne: na'urar hange mai nauyin kilo 6.4 da ake ta amfani da ita, da bututun da makamin ke ciki a rufe, kusan kilo 16, na harbi ɗaya tak.

Da na'urar hangen ake fara neman tanka. Madubinta na dare sai ya yi minti biyu da rabi zuwa uku da rabi yana sanyi kafin hoto ya fito. In an ga tankar, sai a kunna batirin da ke jikin bututun, wanda ke ɗauke da iskar argon; cikin kamar daƙiƙa 10 idon makamin ya yi sanyi. Nan ake yawan asara, domin batirin minti huɗu kawai yake yi. Wanda ya kunna shi tun tankar ba ta fito sosai ba, sai ya canja wani. Daga nan a matse alamun saiti su kewaye jikin tankar. In an bar su a buɗe, makamin kan iya kama wani abu mai zafi a gefe.

Ƙaramin inji ne ke tunkuɗo makamin waje, babban injin ba ya tashi sai ya yi nisa da mai harbi. Makamin kan haura har mita 150 ya sauko ta saman tankar, inda sulke ya fi rauni. In tana ƙarƙashin gada, akwai zaɓin bugu kai tsaye. Nakiya biyu ce a kansa: ta gaba ta tayar da sulken waje na tankar da ke fashewa don kare ta, ta baya ta huda ƙarfen. Zangonsa na asali kamar mita 2,000 zuwa 2,500 ne.

Lokacin da ya fi wahalar da shi shi ne fitowar rana da faɗuwarta, sa'ad da zafin tanka da na ƙasa ke zuwa ɗaya, hoton ya dushe. Hazo mai kauri da ruwan sama mai ƙarfi su ma suna rage masa gani.