Yadda Ake Fitar Keke a Ƙungiyance a Kwazazzaban Moab Lokacin Zafi

Moab gari ne a jihar Utah ta Amurka, a bakin kogin Kolorado, kuma masu keken hawan dutse sun san shi da hanyoyinsa na jan dutse. A watan Yuli zafi yakan kai digiri 38 a ma'aunin Salshiyas, wani lokaci ya haura 40. Dutsen yana shan rana ya mayar wa mutum da ita ta ƙasa, inuwa kuwa sai an yi dace. Lokacin da ya fi daɗi shi ne Afrilu ko Oktoba. In kuma ya zama dole ku fita da zafi, ga yadda ake yi.

Ku fara lissafi daga ƙarshe. Ku tsayar da lokacin da za ku dawo bakin mota, a ce ƙarfe 10 na safe, sannan ku zaɓi hanyar da za ta shiga cikin wannan lokacin. Hanyar Slickrock zagaye ce ta kusan kilomita 17, an shata ta a 1969 don masu babur, an kuma bi ta da ɗigon farin fenti a kan dutse. Kada gajartarta ta ruɗe ku. Hawa da gangara ne babu hutu, mutane da yawa sai sun yi awa 3 zuwa 4. Ke nan da gari ya waye, wajen ƙarfe 6, ya kamata a ce kuna kan sirdi. Lissafin kuma da mafi rauni a cikinku ake yin sa. Wanda ya zo daga wuri mai sanyi yana buƙatar mako 1 zuwa 2 kafin jikinsa ya saba da zafi, don haka baƙon da ya sauka jiya a ba shi gajeriyar hanya.

Sai ruwa, wanda shi ne uwa uba. Babu famfo babu rijiya a kan hanyar. Kowa ya ƙiyasta rabin lita zuwa lita 1 a awa, wato lita 3 a jakar ruwa ta goyo, da ƙarin gora 1 a jikin keke wadda ba a taɓawa sai ta ɓaci. Iskar wurin busasshiya ce, gumi yana bushewa kafin a gan shi, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa alhali rigarsa ta yi farin zane na gishiri a baya. A riƙa kurɓa duk minti 15. Tsurar ruwa kaɗai ba ya isa. Wanda ya yi ta ɗirkar ruwa babu gishiri, gishirin jininsa yakan yi ƙasa, ya kamu da ciwon kai, tashin zuciya da ruɗewa. Haɗin nan na gishiri da sukari da aka sani yana aiki: ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita 1. A haɗa da dabino ko gyaɗa mai gishiri duk awa. A bar jarkar ruwa da ƙanƙara a mota.

Keke a duba shi tun daren jiya, ba a bakin hanya ba. Tayar da ba ta da tub tana dogara da ruwan faci da ake zuba mata a ciki, shi kuwa zafi yana busar da shi cikin wata 2 ko 3. Girgiza tayar kusa da kunne. In ba ka ji motsin ruwa ba, ƙara. Ƙayar tsidau, wadda duk mai keke a ƙasar Hausa ya san sharrinta, tana nan a Utah, musamman a gefen titi da wurin ajiye mota. Iska PSI (ma'aunin ƙarfin iskar taya) 22 zuwa 28 ta ishi yawancin mutane a irin wannan tayar. In ta yi yawa taya tana tsalle a kan dutse, in ta yi kaɗan bakin dutse ya daki ƙarfen gargare. Takalmin birki da ya kusa milimita 1 a canza shi. A gangara mai tsawo kada a riƙe birki ana jan sa: a matsa da ƙarfi, a saki, a sake matsawa. Riƙewa tana dafa man birki, sai ka ji hannun ya yi laushi yana nutsewa har ya taɓa kan keke. In haka ta faru, tsaya ya huce, kuma kada ka kai yatsa kan faifan birkin, don yana da zafi. Kowa ya ɗauki tub 1, famfo, da mahaɗin sarƙa daidai da giyar kekensa. Hular kwano ba abin tattaunawa ba ce.

Kafin tashi a naɗa mutum biyu: jagora a gaba wanda ba a wuce shi, da ɗan baya wanda ba ya wuce kowa, shi ke riƙe da kayan agaji. Mutum 6 zuwa 8 sun isa. In kun fi haka ku rabu gida biyu. A kowace mararraba kowa ya tsaya har sai ya ga na bayansa. Kuskuren da aka fi yi shi ne na gaba su huta minti 10, na ƙarshe yana isowa yana haki su ce a tafi. Hutu yana farawa ne daga isowarsa. A nan ne kuma za a duba gorar kowa da ido, don mutum yakan ji kunyar cewa ruwansa ya ƙare. Duk wanda ruwansa ya kai rabi kafin a kai rabin hanya, kowa da kowa ya juya. Waya ba ta cika samun sabis a cikin kwazazzabo ba, saboda haka a bar wa wani a gari sunan hanya da lokacin dawowa.

Galabaita tana zuwa da jiri, ɗaurewar jijiya, tashin zuciya da gumi sharkaf. A sauke mutum, a samar masa inuwa ko da ta riga ce a riƙe, a jiƙa shi, a yi masa fifita, ya sha ruwan gishiri a hankali. Ranar ya gama hawa, kuma ba a barinsa ya koma shi kaɗai. Amma in ya fara sambatu, ko tangaɗi, ko faɗa babu dalili, ko ya kasa faɗin inda yake, zafi ya taɓa ƙwaƙwalwa, ko da yana gumi. A kira 911, lambar agajin gaggawa ta Amurka; in babu sabis, mutum biyu su hau inda yake su kira. Sauran su tuɓe masa kaya su kwarara masa ruwa a kai, wuya da hamata, suna fifita ba tsayawa. Wanda ba ya cikin hayyacinsa ba a ɗura masa ruwa a baki.

Daga Yuli zuwa Satumba akwai wani haɗarin. Hadari yakan haɗu da rana tsaka, kuma ruwan da aka yi a nesa yana iya cika busasshen kwari cikin mintuna alhali a kanku rana ake ƙwallawa. Da kun ji rugugi daga sama da kwarin, ko kun ga jan ruwa ya fara malalowa da itatuwa, ku yar da kekunan ku hau tudu.