Kurakuran da Iyaye Kiristoci Suka Fi Yi Wajen Koyar da Tarihi, Zane da Waƙa a Gida

A gidajen da iyaye ke koyar da 'ya'yansu da kansu, lissafi da Turanci ba sa rasa lokaci. Tarihi da zane da waƙa ne ake turawa yammacin Juma'a, lokacin da kowa ya gaji, har a wayi gari an daina su. Tara su a rana ɗaya shi ne kuskuren farko. Ku raba su ƙanana: waƙa minti 10 kullum bayan addu'ar safe, tarihi sau uku a mako, zane sau biyu. Yaro ɗan shekara 6 zuwa 8 minti 15 sun ishe shi a darasi ɗaya, ɗan 9 zuwa 12 ya iya kai minti 30. Ku tsaya tun bai fara hamma ba.

A tarihi ne aka fi yin ɓarna. Da yawa suna koyar da labaran Littafi Mai Tsarki daban, tarihin duniya daban, sai yaro ya taso yana ganin kamar su Daniyel a wata duniya suka rayu. Maganinsa igiya ce a bango. Ku ɗaura mai tsawon mita 4, kowane santimita 10 ya zama ƙarni ɗaya, haihuwar Almasihu a tsakiya. Duk abin da aka karanta, yaro ya zana shi a ƙaramin kati ya maƙala a gurbinsa: Babila ta ci Urushalima a 586 kafin haihuwar Almasihu, Sairus na Farisa ya ci Babila a 539, Romawa sun rushe haikali a shekara ta 70 bayan haihuwarsa, taron shugabannin ikkilisiya a Nikiya a 325, Martin Luther ya fara gyaran ikkilisiya a 1517. A nan yara ke ruɗewa, domin shekarun kafin Almasihu baya-baya ake ƙirga su, 586 ta riga 539. Kada ku tsaya dogon bayani, ku sa shi ya bi igiyar da yatsa. Kuma babu shekarar sifili a tsakani.

Wani kuskuren kuma shi ne a cika igiyar da Turai a manta da gida. Lokacin da ake kwashe Yahudawa zuwa Babila, mutanen Nok a kudancin Kaduna ta yau suna gina mutum-mutumin yumɓu. Wannan kati ya hau kusa da wancan. Haka jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo na 1804, zuwan ɗan mishan Karl Kumm Wase a 1904, haɗe Kudu da Arewa a 1914, da fitowar cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Kaka ma littafin tarihi ce: a tura yaro ya tambaye ta yadda aka gina majami'ar ƙauyensu.

Bayan karatu, tambayar "ka gane?" ba ta da amfani, kowane yaro "i" zai ce. Ku karanta shafi ɗaya sau ɗaya tak, ku rufe littafin, ya maimaita da bakinsa. Kada ku katse shi da gyara. In ya kasa, karatun ne ya yi tsawo, gobe ku rage shi zuwa sakin layi ɗaya. Wata malama 'yar Birtaniya, Charlotte Mason, ce ta yaɗa wannan hanya, amma duk wanda ya taso da tatsuniya ya san ta.

A zane, ba wa yaro hoton da aka riga aka zana ya shafa launi ba koyarwa ba ce, ɗebe kewa ne. Ku ajiye masa abu na gaske, ƙwarya ko ganyen mangwaro, da fensir HB da 2B, ya duba ya zana. Kada ku karɓi fensirin ku gyara masa, in za ku nuna, ku nuna a taku takardar. Fentin ruwa yana lanƙwasa takardar littafin rubutu, sai a nemi mai kauri. Launi uku sun isa, ja da shuɗi da rawaya, shi zai gano kore da kansa. Sau ɗaya a mako ya kalli aikin gwani minti 3, a kife hoton, ya faɗi abin da ya gani. Hoton Ladi Kwali da tukwanenta yana bayan naira 20, ba sai an je nesa ba.

Aikin yumɓu kuwa tsagewa yake yi in an shanya shi a rana, musamman da hunturu, saboda waje ya bushe ciki na da danshi. A cakuɗa shi da ɗan yashi ko garin fasasshiyar tukunya, kaurinsa kada ya wuce yatsa, a rufe da tsumma mai laima ya bushe a inuwa.

Kuskuren waƙa sananne ne: a sayi piyano mai tsada kafin yaro ya iya riƙe murya. Murya ce farko, sai tafi, sai kacau-kacau da tulu irin na Zumuntar Mata, kana kayan kiɗa mai maɓallai. Waƙar sujada ɗaya a wata, baiti ɗaya a mako. Idan uba ne ke ɗaga waƙar, yakan ɗauko ta ƙasa sosai, yara su yi ta gurnani a ce ba su da murya. A ɗaga ta sama, ko uwa ta fara. A koya musu do, re, mi, so, la da baki kafin a nuna musu a rubuce. Waƙoƙin da aka fassaro daga Turanci sukan karya karin sautin Hausa har ma'anar kalma ta ɓace, don haka a fara karanta baitin kamar magana, a tabbatar yaro ya san abin da yake cewa, sannan a sa masa karin.