Yadda ake noman citta a gangaren duwatsun Kudancin Kaduna

A Kachia, Jaba, Kagarko da gindin dutsen Kagoro, citta ce ke kawo wa manomi kuɗi, amma gangare yana da nasa sharaɗin. Ka yi kunya ta gitta gangaren. Idan ta miƙe daga sama zuwa ƙasa, ruwan Agusta zai kwashe taki da iri gaba ɗaya. Inda ya yi tsananin gangara, jera duwatsu su tare ƙasa.

A nau'o'in citta, Tafin Giwa ta fi auki, Yatsun Biri ta fi yaji. Yanka irin gunduwa-gunduwa, kowace da ido ɗaya ko biyu, ka shuka a Afrilu ko farkon Mayu, zurfin santimita 5, tazarar santimita 20. Nan take ka lulluɓe da busasshiyar ciyawa, in ba haka ba rana ta ƙona tsiron.

Tun annobar ruɓewar citta ta 2023, sayen iri daga gonar da ba ka sani ba ganganci ne. Kada kuma ka maimaita citta a fili ɗaya shekara biyu jere.

Bayan wata 7 zuwa 8 ganye zai bushe. Tone, tsaga, shanya a kan tamfol. Wadda ba ta bushe sarai ba takan yi fumfuna a buhu, dillalan Kwoi, hedikwatar Jaba, su karya mata farashi.