Yadda Ake Zana Taswirar Kwarin Baltoro da Kogunansa

Mai son zana taswirar tudu da kwari ta yankin Baltoro, a tsaunukan Karakoram na arewacin Pakistan, ya fara da rarrabe abin da ke kafe da abin da ke motsi. Tsaunin K2 mai tsayin mita 8,611 yana nan inda Thomas Montgomerie, Baturen Ingila mai awon ƙasa, ya hango shi a 1856, amma kogin ƙanƙarar Baltoro, mai tsawon kusan kilomita 63, kullum gangarowa yake yi a hankali.

Da farko a samo bayanan tsayin ƙasa. Awon SRTM, wanda aka yi da na'urar rada daga sararin samaniya a Fabrairun 2000, kyauta ne, sai dai yana da giɓi a wuraren da gangara ta miƙe sosai, don haka na shirin Copernicus na Tarayyar Turai, mai ba da tsayin ƙasa a kowace mita 30, ya fi dacewa. A ɗora shi a manhajar zana taswira ta QGIS bisa tsarin UTM, mai raba duniya shiyya-shiyya, a zaɓi shiyya ta 43, a fitar da layukan tsayi da tazarar mita 50, domin in tazarar ta yi ƙanƙanta layukan za su cunkushe a jikin tsauni har karatunsu ya gagara.

Hoton tauraron ɗan'adam na Sentinel-2 kuwa, a zaɓi na ƙarshen Agusta ko Satumba, lokacin da dusar ƙanƙarar shekara ta narke. A nan wahalar take, saboda tsakuwa da duwatsu sun lulluɓe sashen ƙasa na kogin ƙanƙarar Baltoro, har ido ya ɗauka busasshiyar ƙasa ce alhali ƙanƙara ce a ƙarƙashi. A bi alamun ƙananan tafkuna da bakin kogon da ruwa ke ɓulɓulowa, a kuma gwada hotunan shekaru daban-daban don ganin inda duwatsun suka gusa.

Daga wannan baki kogin Braldu ke tashi, ya wuce ƙauyen Askole, ya haɗu da kogin Basha su zama kogin Shigar, wanda ke zuba a kogin Indus kusa da garin Skardu. Inda ruwan ya rarrabu a kan tsakuwa, a zana gaɓar kwarin da cikakken layi, rassan kuma da ɗige-ɗige, tunda suna sauya hanya.

In an je fili, a kafa na'urar GPS a kan tushen dutse, ba a kan tarin tsakuwar da ƙanƙara ta turo ba, kuma a ƙetare rafuka da sassafe kafin narkewar rana ta cika su. A gefen taswirar a rubuta ranar kowane hoto da shekarar awon tsayin.