Kurakuran da aka fi yi wajen tsaga gungume da injin zarto mai sarƙa

Duk wanda ya fara tsaga gungume da injin sarƙa, irin wanda ake ɗaura wa firam na ƙarfe ana tura shi a kwance a kan icen, falankinsa na farko sai ya ba shi kunya. Nawa dai da na kwantar da shi a kan siminti kusurwa uku sun zauna, ta huɗun kuwa tafin hannuna yana shigewa ƙarƙashinta, na tsaya ina ta faɗa da inji alhali shi ba ruwansa.

Daga yankan farko abin yake lalacewa. Firam ɗin nan ba ido gare shi ba, abin da ka ɗora shi a kai shi zai bi, kuma tunda yanka na biyu a kan fuskar na farko yake tafiya, na uku a kan na biyu, toh in na farko ya murɗe har falankin ƙarshe a murɗe zai fito. Saboda haka sai ka kafa tsani na alminiyam ko miƙaƙƙen katako mai kauri a saman gungumen, ya zarce shi gaba da baya, ka duba da lebur a kai ka duba a gindi su zo ɗaya, in doguwar tafiya ce ka tokare tsakiya don tsani ma yana lotsawa in nauyin inji ya hau shi. Gungume gindinsa ya fi kansa kauri, don haka kar ka kwantar da tsanin ya bi bawo, daga cibiyar icen zaka auna zuwa tsanin a ɓangarorin biyu ka ɗaga siririn gefen har awon ya yi daidai. Sannan dan Allah ka tuna tsawon sukurorin da ka ɗaure tsanin da su, ka saukar da yankan ya wuce ƙasansu. Mutane da yawa sarƙarsu ta farko a kan sukuron da suka sa da hannunsu ta mutu.

Sai ita sarƙar. Wadda take zuwa da inji ta datsa ice ce a gicciye, haƙoranta an wasa su wajen digiri 30, za ta tsaga maka amma fuskar falankin zata fito kaca-kaca kamar an yaƙushe ta. Ta tsagawa a tsaye ana wasa ta wajen digiri 10, ko ka saya ko ka mayar da taka a hankali da magagari. Kuma wasawar nan ba sau ɗaya a yini bace, in icen mai tauri ne kuma mai faɗi bayan falanki ɗaya ko biyu sai ka tsaya. Dama tsagawa gari mai laushi take fitarwa, amma in ka ga ya koma ƙura zalla, kana turawa da ƙirji inji na kuka ba ya gaba, ko ka ji ƙaurin ƙuna, sarƙa ta dakushe kenan, ƙarin ƙarfi ba zai yi komai ba sai dai ya ƙona maka ƙarfen da take zagayawa a kai, wanda ni takobi nake ce masa. In haƙoran gefe ɗaya sun fi na ɗayan tsawo yankan zai dinga nutsewa ko hawa sama kana ta zargin firam. Ƙananan tudun da ke gaban kowane haƙori ma ana rage su, su zauna kamar milimita 0.65 ƙasa da bakin haƙorin, in sun yi tsawo ba ta ci, in ka zaftare su da yawa ta dinga fizga.

Abin da ke kashe kaifi da wuri shi ne yashi da ƙasar da ke maƙale a bawo, musamman gungumen da aka jawo a ƙasa. Ka ɓare bawon ta layin da sarƙa zata shiga ko ka goge shi da burushin waya. Icen da ya girma kusa da gida ko shinge kuwa ka ɗauka akwai ƙusa ko waya a cikinsa, wani lokaci baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi a bakin gungumen shi ke tona asirin ƙarfen.

Wani kuskuren shi ne ɗaura ƙaramin inji. Datsa reshe daƙiƙu kaɗan ne, tsaga falanki kuwa mintuna ne inji na kan cikakkiyar wuta ba hutu, ƙasa da cc 70 wahala kawai zaka sha kai da shi, manyan gungumai kuma sai irin su Stihl MS 661 ko Husqvarna 395XP masu cc 90 da ɗoriya. Ko babban ne zafi na iya cinye fistin, shi yasa haɗin fetur da man inji ba a yin sa da ka, 50:1, wato kashi 50 na fetur kashi 1 na mai, kamfanonin suke cewa da mai kyau, wasu masu tsaga suna komawa 40:1, kabureta kuma gara ta ɗan ba da mai da yawa da ta matse shi. In ka fita daga yanka kar ka kashe nan take, barshi ya yi silo minti ɗaya ko biyu ya huce, ka kakkaɓe filtar iska akai-akai don garin nan toshe ta yake. Baƙin man da aka juye daga mota ba man sarƙa bane, ba ya kama ƙarfe, yana cin famfon mai, ga baƙin da yake shafa wa katako. Dogon takobi kuma man ba ya isa ƙarshensa, sai ka rataya ƙaramar gora tana ɗiga a can. In an tashi aiki a sassauta sarƙa, tana sanyi tana tsukewa.

Weji ma, wato ɗan guntun katako ko roba mai siririn baki da ake cusawa cikin yankan, ana mantawa, kana gaba falankin na zama a bayanka yana matse takobi, ka dinga cusa su gefe da gefe kana tafiya. Kar kuma ka dinga lilo da injin hagu da dama ko tsayawa a tsakiya, kowace tsayawa layi take bari. In da hali ka ɗaga kan gungumen ka yi gangare, bayanka zai gode maka, ka tsaya ta inda iska zata kwashe hayaƙin salansa daga fuskarka, a fili ba cikin rufaffen ɗaki ba, da abin toshe kunne da gilashin ido.

Lissafi kuma, takobi mai inci 36 ba zai tsaga inci 36 ba, maƙalan firam suna cin wajen inci 6, kuma ba a matse maƙalin a kan ƙaramar tayar da ke hancin takobin. Kowane yanka sarƙa na mayar da kusan santimita ɗaya gari, in ka ce siraran falankai zaka yi ta fitarwa kaso babba na icen a ƙasa zai ƙare. Ka bar rarar kauri ma, ɗanyen katako yana raguwa in ya bushe ga kuma abin da kafinta zai kankare.

Wanda ya fi ban haushi shi ne ka gama duk wannan ka jingina falankan a bango cikin rana, bayan sati biyu ka dawo sun tanƙware bakinsu ya dare. A inuwa ake jera su inda iska ke ratsawa, a ɗage daga ƙasa don damshi da gara, a kan shimfiɗa mai lebur, tsakanin kowane biyu a gitta busassun siraran sanduna masu kauri ɗaya duk bayan kamar rabin mita, kowace sanda daidai saman ta ƙasanta, a danne saman da nauyi. Bakin gungume ya fi ko'ina saurin fitar da ruwa shi yasa yake tsagewa, ka shafe shi da kakin zuma ko fenti mai kauri tun ranar da aka sare. Ana yawan cewa shekara ɗaya ga kowane inci na kauri, amma wannan kirdado ne, ya danganta da irin icen da yanayi. Falankin da cibiya ta faɗo a tsakiyarsa kuwa kusan kullum sai ya tsage ko me ka shafa masa, ni tun yana ɗanye nake raba shi biyu in zare cibiyar in samu ƙananan katakai guda biyu.