Yadda Ake Rage Mutuwar Maruƙa Don Garken Shanun Nono Ya Ƙaru

Saniya tana ɗaukar ciki wata 9, kuma Bunajinmu, wato farar saniyar Fulani, a kiwon gargajiya takan kai shekara 4 kafin haihuwar fari. Ke nan duk maraƙa mace da ta mutu, jiran shekaru ne ya tafi a banza. Mai shanu 10 da ke samun maruƙa 5 a shekara, in biyu suka mutu, da ƙyar sauran su maye gurbin tsofaffin. Ga matakan da za ka bi.

Da farko, dakashi, wato nonon farko da saniya ke fitarwa bayan haihuwa. Ka tabbatar maraƙi ya sha shi cikin awa 6 da haihuwa, ya sha ya ƙoshi. Kariyar cuta da uwa ke ba ɗanta a cikinsa take, kuma bayan awa 24 hanjin maraƙin ya daina karɓarta. In ya kasa tashi, tatso, ka tallafe shi a tsaye ka ba shi, a hankali don kada ya shaƙe. A ranar ka tsoma cibiyarsa cikin aidin.

Na biyu shi ne wanda ya fi damuna: tatsa. Nono kuɗi ne a hannu, shi ya sa ake tatse saniya ƙarƙaf a bar wa maraƙi ɗan abin da ya rage. Da rani kuwa, uwar ma ba ta ƙoshi ba. Maraƙin da ya rame haka, ƙaramar gudawa ta ishe shi. Ka bar masa aƙalla kan nono ɗaya, biyu in mace ce, har ya fara cin ciyawa sosai. Uwar kuma a tanadar mata harawar wake ko ta gyaɗa tun kaka, da dusa da kanwa.

Sai wurin kwana: busasshe, mai inuwa, a riƙa kwashe kashi.

In gudawa ta kama shi, ƙarewar ruwan jiki ce ke kisa. Ba shi ruwan gishiri da gulukos akai-akai, kada ka sa sukarin shayi domin cikinsa bai iya narkar da shi ba, kada kuma ka yanke masa nono. Idan idonsa ya faɗa ko ya ƙi tsotso, kira malamin dabbobi a ranar.

Rigakafin ciwon huhu da harbin daji da ciwon saifa, waɗanda cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom a Jihar Filato ke sarrafa allurarsu, a yi su duk shekara. Maganin tsutsar ciki a farkon damina da ƙarshenta, kaska kuma a duba kowane mako. Sabuwar saniya daga kara, wato kasuwar shanu, ta yi mako 3 ita kaɗai kafin ta shiga garke.

Daga ƙarshe ka buɗe littafi: ranar haihuwa, ranar mutuwa, da alamar da ka gani. Shi zai nuna maka watan da ka fi asara, da saniyar da ke yawan ɓari, wadda ya kamata a gwada ta ko cutar bakale ce, tun da cutar tana kama mutum ta ɗanyen nono.